Lifidi da Sulke a Rundunar Damagaram

Daular Damagaram, wadda aka kafa a farkon rabin ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, kuma Sarki Sulaimanu ɗan Tintuma ya mai da mazauninta Zinder a farkon ƙarni na 19, ta gaji tsarin yaƙinta daga gabas, tun daga sarautar Kaigama, wato jagoran mayaƙa, har zuwa dogaro da barade a matsayin ƙashin bayan runduna. A cikin baradan nan akwai rukuni biyu da suka fi kowa daraja a idon sarki, su ne 'yan lifidi da 'yan sulke, kuma kayan da suke sawa sun girme wa daular kanta da ɗaruruwan shekaru, domin littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ƙasar Hausa ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410.

Lifidi aikin maɗinka ne. Ana shimfiɗa ƙyalle biyu na saƙi, a cusa audugar rimi ko audugar gona a tsakaninsu, sannan a bi su da ɗinki kusa da kusa don kada audugar ta zame ta taru wuri ɗaya, a kuma yi wa bayansa ado da tsilla-tsillan yadi masu launin ja da rawaya da shuɗi. Na doki yana rufe shi daga wuya da ƙirji har ya sauka ƙasa da gwiwa, na mahayi kuma yana rufe gangar jikinsa da cinyoyinsa, a kansa kuwa akwai kwalkwali, wato hular yaƙi da aka cika da tsumma aka lulluɓe da ƙarfe, wadda galibi ake soka wa gashin jimina. Wanda bai san makamin da aka yi shi dominsa ba zai iya raina rigar auduga a fagen fama, amma abin tsoro a yaƙoƙin wannan yanki shi ne kibiya mai dafi. Kibiyar kyauro ce marar nauyi, mai kan ƙarfe da kunnuwa, an shafe ta da dafin kwankwani, kuma ba ta bukatar ta nutse cikin jiki kafin ta yi kisa, ƙwarzane kaɗan ya wadatar, a jikin mutum ko a jikin doki. Audugar da aka danƙare tana shanye ƙarfin irin wannan kibiya, ta riƙe kanta kafin ya taɓa fata, shi ya sa ake tura 'yan lifidi gaba su keta sahun 'yan baka, su buɗe wa sauran barade hanya.

Wannan kariya tana da tsada, kuma a nan ne ainihin gwanintar take. Lokacin yaƙi rani ne, bayan an gama kaka, kuma zafin bazara a Zinder yakan haura digiri 40, saboda haka dokin da aka lulluɓe da auduga, ga mahayi mai nauyi a bisansa, ba ya iya dogon sukuwa, sai an zaɓo ingarma mai ƙarfi an kuma san lokacin da za a sake shi. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a bakin ganuwar Gobirawa a Konya a 1826, ya bayyana cewa ɗan lifidi ba ya iya hawa dokinsa sai mutum biyu sun ɗora shi. Idan ya faɗi, ba ya tashi da wuri sai zagagensa, wato masu tafiya a ƙasa gefen dokinsa, sun janye shi, idan kuma abokan gaba suka harbo kibiya mai wuta, su ne za su kashe wutar kafin ta ci audugar. Ashe ke nan ɗan lifidi ɗaya yana nufin doki mai tsada da hatsin ciyar da shi duk shekara, da maɗinki, da badukun sirdi, da zagage, abin da ba mai iya ɗauka sai sarki da manyan hakimai, waɗanda sukan ɗora amintattun bayinsu a kan waɗannan dawaki.

Matasan yau sun fi saduwa da kayan kariyar yaƙi a wasannin da mutum ke ɗaukar matsayin jarumi, na kwamfuta da na kan tebur, waɗanda akasarinsu suka samo asali daga Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A irin waɗannan wasanni ana taƙaita kowace rigar yaƙi zuwa lamba ɗaya, wadda ke nuna wahalar da maƙiyi zai sha kafin ya sami mai sanye da ita, kuma a bugun 2014 na wasan an ba rigar auduga lamba 11, mafi ƙanƙanta, an ba cikakken sulke 16. Masu tsara wasan sun yi daidai da suka ce kaya masu nauyi suna bukatar horo da ƙarfi, har ma da suka ce mataimaki yana rage lokacin cire su da rabi. Kuskurensu shi ne jera kayan a kan tsani ɗaya, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, alhali a Damagaram rigar auduga ce kayan manyan barade, domin kowace kariya ana auna ta ne da makamin da za ta tara da kuma yanayin ƙasar da za a sa ta.

Sulke, wato riga da aka saƙa da ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa cikin juna, ya fi dacewa da saran takobi, amma tsinin kibiya na iya ratsa idon zoben, shi ya sa ake sa shi a kan riga mai kauri. Mafi yawansa kayan fatake ne, tsofaffin sulkuna daga Masar da ƙasashen Turkawa da ke ƙetaro hamada, kuma Baturen Ingila Dixon Denham ya ga baradan Shehu al-Kanemi na Barno sanye da su daga wuya zuwa gwiwa kusa da Kukawa a 1823. Zinder tana kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Ghat da Agadas zuwa Kano, ayarin kuma yana sauka a unguwar Zango, don haka fadar sarki da ke unguwar Birni ba ta rasa hanyar samun irin waɗannan kaya ba.

Ta wannan hanyar ce kuma abin da ya karya darajar lifidi ya shigo. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya riƙe sarauta karo na biyu daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi ya damƙa wa rundunar bayi, ya kuma sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin Zinder kanta, har masana tarihi suka ruwaito cewa ya mallaki bindigogi kusan 6,000 da igwa kusan 40. Tun a Konya Clapperton ya ga bindiga ɗaya tak ta Gobirawa ta kayar da ɗan lifidin da ke kan gaba, harsashi ya ratsa ƙirjinsa. Duk da haka barade ba su ɓace nan take ba, domin bindigar ɗuri tana da jinkiri kuma ba ta da saiti mai nisa, Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga ma da dawaki da bindigogi tare ya kai yaƙi ƙasar Kano har aka gwabza a Gezawa. Sai a Tirmini, yamma da Zinder, a ƙarshen watan Yuli na 1899, rundunarsa ta tari bindigogin Faransa masu harbi a kai a kai daga nesa, inda auduga da zobban ƙarfe ba su da abin da za su tare, aka ci Zinder, shi kuma aka kashe shi a watan Satumba na shekarar.

Abin da ya rage na wannan sana'a yana hannun maɗinka da dukawan da ke yi wa dawakin hawan salla kwalliya, da kuma gidajen sarauta da suka adana kayan kakanninsu. Ya kamata malaman tarihi na Jami'ar Zinder su zauna da dattawan waɗannan gidaje, su auna nauyin kowane sulke da kaurin kowane lifidi, su rubuta sunayen sassansu da yadda ake ɗinka su tun masu sanin suna raye.