Jagora da 'Yan Amshi: Gibin da Ke Cikin Nazarin Kiɗan Fada, Daga Biyana Zuwa Yawuri

A al'adar kiɗan Turai akwai wani reshen rubutu da masana ke ba muhimmanci ƙwarai, wato bayanan da tsofaffin jagororin makaɗa ke bari game da manyan masu tsara kiɗa. Jagora a wurinsu shi ne mai tsayawa da 'yar sanda gaban taron makaɗa da kan kai mutum tamanin ko ɗari, yana nuna wa masu goge inda za su sassauta, masu busa inda za su shigo. Galibi ba shi ya ƙirƙiri kiɗan ba, na wani ne da ya daɗe da mutuwa. Misali mafi kusa shi ne Bruno Walter. Ya fara aiki ƙarƙashin mai tsara kiɗa Gustav Mahler a Hambug a 1894, yana ɗan shekara 18. Mahler ya mutu a 1911 bai ji babban kiɗansa, wato simfoni na tara, da kunnensa ba, Walter ne ya fara jagorantar kaɗa shi a Biyana a 1912, ya rubuta littafi a kan maigidan nasa a 1936, ya kuma ɗauki wannan kiɗa a faifai a 1961, shekara guda kafin shi ma ya mutu. Duk da cewa Mahler ya bar kiɗansa a rubuce dalla-dalla, masana ba su ɗauki takardar ta wadatar ba. Sun nemi bakin wanda ya tsaya kusa da shi.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne mun fi Turawa bukatar irin wannan shaida, kuma mun fi su sakaci da ita. Kiɗan fadar Hausa ba shi da rubutu ko kaɗan. Abin da takarda ke riƙe wa Mahler, a wurinmu kawunan 'yan amshi da hannuwan makaɗa ne ke riƙe da shi.

Yawuri wuri ne da ya dace a duba wannan batu saboda gidan Ɗandawo. Aliyu Ɗandawo mutumin Shuni ne a ƙasar Sakkwato, ya yi zaman Argungu yana yi wa Sarkin Kabi waƙa, daga baya ya tare a Yawuri. Ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji sana'ar, har sunansa ya manne da na garin, ya yi wa sarakuna da masu mulki waƙa a faɗin Arewa. Gida ɗaya ke nan da ya ratsa fadoji biyu da zamunna biyu, na En'e da na jihohi. Yadda salo ya tashi daga uba ya sauka kan ɗa, abin da ɗan ya riƙe da abin da ya sauya, tambayoyi ne na kiɗa kafin su zama na adabi, kuma waɗanda suka yi amshi a wannan gida su ne ke da amsarsu.

Ba a yi wa kiɗan Hausa rowar nazari ba. M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo da matsayinsa a cikin al'umma tun 1957. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai ke bi har yau, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa. Sai dai yawancin kundayen da suka biyo baya sun fito ne daga sassan harshe da adabi, saboda haka abin da ɗalibi ke yi shi ne ya saurari kaset, ya kwafe kalmomin, ya fitar da jigo da salo, ya ware zuga daga zambo da habaici. Idan ya zo kan kiɗa, sai ya ce ana amfani da kotso ko taushi, ya wuce.

To amma a saurari Bakandamiya ta Ibrahim Narambaɗa, wadda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu, da kunnen mai neman tsari. Jagora kan ɗauko ɗan waƙa, kafin ya kai ƙarshe ya sake shi, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu layuka masu tsawo, sannan a koma gindin waƙa gaba ɗaya. Ba sanda a hannunsa. Da me suke sanin inda zai saki? Da jan murya, da numfashi, da ɗan waige, da kuma doguwar zama tare. A ƙarƙashin muryoyin ga kotso, bakinsa ɗaya a rufe da fata ɗayan a buɗe, ana kaɗa shi da yatsu, mai kiɗan yana matsa tsarkiya don sauti ya hau ko ya sauka daidai da karin maganar da ake rerawa. Ana iya kwatanta wannan da tsarin Mamman Shata, inda amshi gajere ne, ba ya sauyawa, nauyin waƙar duka yana kan jagora. A kiɗan fada an raba nauyin, kuma rabon nan shi ne fasahar. Wanda ya kwafe kalmomi kaɗai ya ɗebo hatsi ya bar rumbun.

Tarihin makaɗan ma ya nuna cewa amshi makaranta ce. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana bayan wansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya. A bayan wani ake koyon jagoranci, kamar yadda Walter ya koya a bayan Mahler.

Za a iya kawo suka ta fuska uku. Ta farko, a ce kwatancin ya yi nisa, don makaɗin fada maroƙi ne mai neman doki da riga. Wannan sukar ba ta da ƙarfi. Joseph Haydn, wanda ake kira uban simfoni, ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara 30 yana sanye da kayan barorin fada, yana tsara kiɗa idan maigida ya bukata. Zama ƙarƙashin ubangida bai rage wa aikinsa daraja ba, bai kuma kamata ya rage wa na Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi ba.

Ta biyu ta fi nauyi: a waƙar Hausa magana ce gaba, kiɗa yana rakiya, alhali simfoni galibi ba shi da kalma ko ɗaya. Gaskiya ne, kuma dalili ke nan da bai kamata a ɗauko ma'aunin Turai a ɗora wa Narambaɗa ba. Amma Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu da kotso suna faɗin take da kirari wanda ɗan gari ke ji sarai. Raba magana da kiɗa a nan aikin manazarci ne, makaɗan ba su raba su ba.

Ta uku ita ce akwai faifai, gidajen rediyo irin na Kaduna da Rima sun ɗauki da yawa, yanzu kuma suna yawo a wayoyin hannu. Faifai rana ɗaya ya kama. Waƙar fada kuwa takan sauya daga hawan salla zuwa naɗin sarauta, a ƙara ɗa a nan, a cire zambo a can saboda wanda ake yi da shi yana zaune a wurin. Kaset ba zai gaya maka wane ɗan amshi ne ya kawo wane layi ba, ko kwana nawa aka yi ana gwada waƙa a gida kafin a kai ta gaban sarki, ko dalilin da ya sa aka rage saurin kiɗa a wani gurbi.

Ƙasar Yawuri tana da ƙarin dalilin gaggawa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi dubban mutane daga tsibirai da gaɓar Kwara, Gungawa da maƙwabtansu suka koma sababbin matsugunai. Kaɗe-kaɗen Gungawa da Kambari da Shangawa, daga Ngaski zuwa Shanga, ba su samu ko rabin kulawar da kiɗan fada ya samu ba, harsunan wasunsu kuma Hausa na ta cinye su. Wannan batu ne da ya cancanci tasa maƙalar.

Aikin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A nemo tsofaffin 'yan amshi da makaɗa da sanƙirorin gidan Ɗandawo da makamantansa, a kunna musu tsohon faifai, a riƙa tsayar da shi ana tambaya, a ɗauki hoton hannuwansu a kan fata. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi suna da ɗaliban da ke neman batun kundi kowace shekara, masarautar Yawuri kuma ta san inda mutanen nan suke. A fara da waɗanda suka fi tsufa.