Yawon buɗe ido a Kerala

Kerala jiha ce da ke kudu maso yammacin ƙasar Indiya, tsakanin Tekun Larabawa daga yamma da jerin tsaunukan Ghats na Yamma daga gabas. An kafa ta ranar 1 ga Nuwamba, 1956. Babban birninta shi ne Thiruvananthapuram, harshen mutanenta kuma Malayalam, amma ana jin Turanci a otal-otal da tashoshi. Jihar siririya ce, don haka matafiyi na iya tashi daga bakin teku da safe ya isa kan tsauni kafin la'asar.

Yanayi da lokacin zuwa

Iska mai ɗauke da danshi daga teku tana cin karo da tsaunukan, sai ta zubar da ruwanta a nan. Shi ya sa jihar ke samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara. Babbar damina tana farawa a farkon Yuni ta kai Satumba, sannan wata ƙarama ta biyo baya a Oktoba da Nuwamba. Lokacin da ya fi dacewa da baƙi shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sai dai kuɗin masauki yana tashi a ƙarshen Disamba. Daga Maris zuwa Mayu akwai zafi da gumi a gaɓar teku.

Damina tana da haɗari. A watan Agusta na 2018 ambaliyar ruwa ta kashe mutane fiye da 400, kuma ranar 30 ga Yuli, 2024 zaftarewar ƙasa ta hallaka fiye da mutum 200 a gundumar Wayanad. Idan hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗi mai tsanani, akan hana tafiyar dare a hanyoyin tsauni.

Shiga da zirga-zirga

Kerala tana da filayen jirgin sama na ƙasa da ƙasa guda huɗu: Thiruvananthapuram, Kochi, Kozhikode da Kannur. Yawancin masu zuwa daga Afirka ta Yamma suna canjin jirgi a Dubai ko Doha, ko kuma su shiga ta Mumbai ko Delhi. Ban da biza, Indiya tana buƙatar katin rigakafin zazzaɓin shawara daga wanda ya taso daga ƙasashe irin su Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru. Wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida.

Layin dogo yana bin gaɓar teku yana haɗa manyan birane, amma bai kai Munnar ko Wayanad ba, sai da mota. A cikin gari ana hawa babur mai ƙafa uku irin adaidaita sahu. Tuƙi a hannun hagu ake yi, kuɗin ƙasar kuma rufi ne.

Gaɓar teku

Kovalam da Varkala su ne bakin tekun da suka fi suna. Ruwan yana da ja mai ƙarfi, musamman da damina, kuma jar tuta alama ce ta hana iyo. A Alappuzha da tafkin Vembanad akwai hanyoyin ruwa da suka ratsa gonakin shinkafa da na kwakwa, inda ake hayar jiragen katako masu ɗakin kwana da ake kira kettuvallam. Jiragen suna tsayawa da yamma domin masunta su samu damar shimfiɗa taru, saboda haka yawon na rana ne. Yana da kyau a duba jirgi da rigunan ceto kafin a biya.

Tsaunuka

Munnar, garin gonakin ganyen shayi, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500. Nisansa daga Kochi kamar kilomita 130 ne, amma kwanoni da hazo kan sa tafiyar ta ci wajen awa huɗu. A kusa da shi akwai Anamudi mai tsayin mita 2,695, tsauni mafi tsawo a kudancin Indiya. Ana rufe gandun dajin Eravikulam a Fabrairu da Maris, lokacin haihuwar awakin dutse na yankin. Dare yana da sanyi a Disamba da Janairu, don haka ana buƙatar rigar sanyi. Da damina kuma matsattsaku suna yawa a hanyoyin daji, shi ya sa masu tafiya a ƙafa ke sa takalmi rufaffe da doguwar safa.

Abinci da al'ada

Abincin jihar shinkafa ce da kifi da kwakwa, da yaji mai yawa. A ƙidayar 2011, Musulmi sun ɗan haura kashi 26 cikin ɗari na jama'ar jihar, don haka masallatai da abincin halal ba su da wuyar samu, musamman a Malappuram da Kozhikode. Masallacin Cheraman da ke Kodungallur yana cikin tsofaffin masallatan Indiya. Ana cire takalmi kafin shiga wuraren ibada, kuma wasu, kamar haikalin Guruvayur, mabiya addinin Hindu kaɗai ke shiga.

Lafiya

Zazzaɓin dengue yana ƙaruwa da damina, kuma sauron da ke yaɗa shi da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai ba ya isa sai an haɗa da maganin shafawa. Ana shawartar baƙi su sha ruwan gora ko tafasasshe, su kuma guji shiga ruwan ambaliya. Lambar kiran gaggawa a duk faɗin Indiya ita ce 112.