Gwanayen 1939 da Yadda Aka Yi Ta Sake Zaɓensu

A daren 29 ga Fabrairu, 1940, jiga-jigan masana'antar fim ta Amurka suka hallara a otal ɗin Ambassador da ke Los Angeles domin raba lambobin Oscar na shekarar da ta gabata. Kafin baƙi su gama zama labari ya riga ya fasu, domin jaridar Los Angeles Times ta buga sunayen waɗanda suka yi nasara a fitowarta ta wannan maraice. Dalilin ke nan da ya sa daga shekara mai zuwa aka koma liƙe sunayen a cikin ambulan. Fim ɗin Gone with the Wind ya kwashe lambobi takwas na gasa. Ɗaya daga cikinsu ta Hattie McDaniel ce, wadda ta fito a matsayin baiwa mai rainon 'yar maigida, kuma ita ce baƙar fata ta farko da ta taɓa karɓar wannan lamba. Otal ɗin ba ya karɓar baƙaƙen fata. Sai da David O. Selznick, mai fim ɗin, ya roƙi alfarma kafin a bar ta ta shiga, aka kuma zaunar da ita a wani ɗan tebur can jikin bango, nesa da abokan aikinta.

Hukuncin da aka fara yanke wa 1939 ke nan a hukumance. A yau ana yawan kiran ta shekarar da Hollywood ba ta taɓa yin kamarta ba, kuma wanda ya duba finafinai goma da suka yi takara a wannan dare ba zai yi saurin musu ba: akwai Stagecoach na John Ford, da Mr. Smith Goes to Washington na Frank Capra, da Ninotchka, da Wuthering Heights, da The Wizard of Oz. Sai dai jerin gwanayen 1939 da ake karantawa yanzu ba shi ne wanda mutanen 1939 suka rubuta ba. An yi ta goge shi ana sake rubutawa, kuma kowane lokaci hannun da ke riƙe da alƙalamin daban ne.

Ko a cikin shekarar ma bakin masu zaɓe bai zo ɗaya ba. Ƙungiyar masu sharhin fim ta New York ta rabu biyu tsakanin Gone with the Wind da Mr. Smith Goes to Washington, aka yi ta maimaita ƙuri'a babu wanda ya janye, daga ƙarshe aka sasanta a kan Wuthering Heights. Lambar jarumin shekara kuwa ba ta je wa Clark Gable ba, Robert Donat ne ya ɗauke ta da Goodbye, Mr. Chips.

Wanda labarinsa ya fi ban mamaki shi ne The Wizard of Oz. Kamfanin MGM ya zuba masa kuɗi wajen dala miliyan 2.8, masu sharhi sun yaba, ya ci lambobi biyu na waƙa da kiɗa, amma a fitowarsa ta farko bai mayar da uwar kuɗi ba. Littattafan kamfanin sun nuna asarar da ta haura dala miliyan ɗaya, wani ɓangare saboda yara ne suka fi cika silima, su kuma rabin kuɗi suke biya. Sai da aka sake sakin sa a 1949 ya fara kawo riba. Abin da ya ɗaga shi zuwa matsayin da yake a yanzu ya faru ne a ranar 3 ga Nuwamba, 1956, lokacin da tashar CBS ta nuna shi a talabijin. Daga 1959 aka mayar da nuna shi al'ada ta shekara-shekara, iyaye da 'ya'ya suna zama su kalla tare, har yaran da suka tashi da shi suka zama masu sharhi da malaman jami'a da masu shirya fim. Mafi yawan akwatunan talabijin na wancan lokaci ba su da launi, saboda haka miliyoyin yara sun so fim ɗin ba tare da sun ga abin da aka fi kashe wa kuɗi ba, wato lokacin da yarinyar ta buɗe ƙofa duniya ta rikiɗe daga dusu-dusu zuwa launi.

Ita kanta talabijin ɗin, da ta zo ta gyara wa 1939 jerin gwanayenta, ba ta da abin da za ta shigar a jerin. A Amurka, NBC ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai ne ranar 30 ga Afrilu, 1939, da jawabin Shugaba Roosevelt a wajen buɗe baje kolin duniya na New York, kuma akwatunan da ke birnin ba su taka kara sun karya ba. A Ingila BBC ta riga su, tun Nuwamban 1936 take watsawa daga Alexandra Palace zuwa gidajen da suka kai kimanin dubu ashirin a London da kewaye. Ranar 1 ga Satumba, 1939, da sojojin Jamus suka afka wa Poland, aka rufe tashar da rana tsaka bayan an nuna wani zanen Mickey Mouse, saboda fargabar kada jiragen abokan gaba su bi siginarta su gano London. Ba a sake buɗewa ba sai 7 ga Yuni, 1946, aka kuma maimaita wannan zanen a ranar. Wasannin kwaikwayo da hirarrakin da aka yi a tsakanin 1936 da 1939 kai-tsaye aka watsa su, kuma na'urar naɗar bidiyo ba ta shigo kasuwa ba sai 1956. Duk wanda ya so wani shiri a wannan shekara, ya tafi da son nasa kabari. Kusan ba abin da ya rage da na baya za su kalla su gaskata shi ko su ƙaryata shi.

Saura ƙiris irin wannan ɓata ta auka wa fim ɗin da manazarta da yawa suke ganin ya fi duk na shekarar. La Règle du jeu, na Bafaranshe Jean Renoir, ya fito a Paris a watan Yulin 1939. Labarin masu hannu da shuni ne da barorinsu, waɗanda suka taru a wani gidan gona suna farauta da cin amanar juna, alhali yaƙi na bakin ƙofa. 'Yan kallo suka yi masa ihu, Renoir ya yi ta datse shi ko za a karɓa, a banza. A watan Oktoba gwamnati ta hana nuna shi bisa hujjar cewa yana kashe wa jama'a gwiwa. A 1942 bam ɗin sojojin ƙawance ya faɗa a kan ɗakin wanke fim da ke wajen Paris inda aka adana asalin zarensa. Sai a tsakiyar shekarun 1950 wasu masoya fim biyu suka sayi haƙƙinsa, suka gano akwatuna fiye da ɗari biyu na gutsattsarin da suka tsira, suka harhaɗa su da shawarar Renoir, aka nuna cikakken fim ɗin a bikin Venice na 1959. Mujallar Sight and Sound ta Birtaniya, wadda ke tambayar masu sharhi na duniya gwanayen finafinai duk bayan shekara goma, ta sa shi a cikin goman farko tun daga 1952 har 2012, sau uku yana zuwa na biyu. Gone with the Wind bai taɓa shiga wannan goma ba.

A ɓangaren littattafai an ɗan fi dacewa, domin wanda ya fi kasuwa a Amurka shi ne kuma wanda ya daɗe. The Grapes of Wrath na John Steinbeck, labarin manoman Oklahoma da fari da bashin banki suka kora zuwa California, ya fito a watan Afrilu, ya zo na ɗaya a lissafin mujallar Publishers Weekly, ya kuma ci lambar Pulitzer a 1940, duk da cewa hukumomin gundumar Kern, inda iyalin labarin suka yada zango, sun cire shi daga ɗakunan karatu da makarantu, wasu manyan manoma ma suka ƙona shi a bainar jama'a. Amma na biyu a lissafin, All This, and Heaven Too na Rachel Field, yau sai mai tone-tone ne zai san shi, yayin da The Big Sleep na Raymond Chandler, wanda har gobe ake koyon rubuta labarin bincike daga gare shi, bai leƙa goman ba. A jerin littattafan da ba na ƙagaggen labari ba kuwa, fassarar Mein Kampf ta Hitler tana cikin goma da aka fi saye. Lissafin ciniki ba ya bambance wanda ya saya don ƙauna da wanda ya saya don ya san abin da ke tafe.

Duk waɗannan sauye-sauye ne da suka danganci wanda ya adana da wanda ya sake nunawa. Akwai wani sauyin da ya fi su nauyi, shi ne wanda ya zo lokacin da mutanen da aka ba da labarinsu suka samu bakin magana.

A 1939 ne Joyce Cary ya fitar da Mister Johnson a London. Cary ya yi aikin mulkin mallaka a Arewacin Najeriya, ya samu rauni a yaƙin Mora na ƙasar Kamaru a 1915, ya kuma riƙe Borgu a matsayin Di'o kafin ya bar aiki a 1920. Littafin labarin wani matashin akawu ne, baƙo a wani ƙagaggen gari mai suna Fada, mai son Turawa kamar ransa, wanda ya taimaki Baturen gari da dabarun karkatar da kuɗi don a gina hanya, ya kashe wani Bature mai kanti, daga ƙarshe ya roƙi ubangidan nasa ya harbe shi da hannunsa maimakon rataya. A shekarar da ya fito bai yi wata kasuwa ba. Darajarsa ta tashi ne daga baya, har a watan Oktoban 1952 mujallar Time ta sa hoton Cary a bangonta ta kuma ce ba a taɓa rubuta littafi a kan Afirka da ya kai shi ba. A daidai wannan zamani malamai Turawa suke koyar da shi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, suna zaton ɗalibai za su ji daɗin ganin ƙasarsu a littafi. Ɗaliban suka ƙi shi, domin ba su ga kansu a jikin wannan akawu mai washe baki ba. Ɗaya daga cikinsu, Chinua Achebe, ya sha faɗin cewa wannan littafi yana cikin abubuwan da suka tunzura shi ya rubuta nasa, wanda ya fito a 1958 da sunan Things Fall Apart. Adalci a nan shi ne a ce Cary marubuci ne mai iyawa, kuma ya tausaya wa Johnson fiye da yadda ya tausaya wa Turawan littafin. Amma tausayin na wanda ke kallo daga baranda ne. A watan Janairun shekarar da littafin ya fito, a Zariya, Abubakar Imam ya fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wato mutanen ƙasar da Cary ya siffanta suna rubuta labarin duniya da harshensu, mai karatu a London bai sani ba.

Haka nan a Paris, a watan Agustan 1939, wata ƙaramar mujalla mai suna Volontés ta buga doguwar waƙar wani ɗalibi ɗan tsibirin Martinique, Aimé Césaire, mai suna Cahier d'un retour au pays natal. Ba wani jerin ƙarshen shekara da ya ambace ta. Ba ta fito a matsayin littafi a Faransa ba sai 1947, kuma ita ce ta zama ginshiƙin tafiyar Négritude da shi da Léopold Sédar Senghor suka ja ragamarta. Abin da 'yan kallon Ingila suka yi wa tururuwa a wannan bazara shi ne The Four Feathers, wanda aka ɗauka a Sudan, inda mayaƙan Mahadi suke zubewa a gaban bindigogin Kitchener.

Gone with the Wind ma bai tsira daga wannan shari'a ba, sai dai tasa ta fi jan lokaci, domin idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi har yanzu ba fim ɗin da ya kai shi ciniki. Tun ana shirya shi ƙungiyar NAACP da jaridun baƙaƙen fata suka matsa wa Selznick, har ya cire kalmar zagin nan da ake jifan baƙaƙe da ita da kuma ambaton Ku Klux Klan, amma hoton bayi masu farin ciki da bautarsu ya zauna daram. Da aka yi bikin fara nuna shi a Atlanta ranar 15 ga Disamba, 1939, ba a gayyaci baƙaƙen da suka fito a ciki ba. A wata liyafa da aka shirya a jajiberin bikin, mawaƙan cocin Ebenezer sun rera waƙa sanye da kayan bayi, a cikinsu har da ɗan limamin cocin mai shekara goma, Martin Luther King. A biranen Chicago da Washington baƙaƙe sun tsaya da kwalaye a ƙofar silima. Waɗannan muryoyi suna nan tun ranar farko, amma ba su cikin masu kaɗa ƙuri'a. A 1989 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa fim ɗin a cikin ashirin da biyar na farko da za a adana wa ƙasa. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, marubuci John Ridley ya yi kira a Los Angeles Times da a dakatar da shi, HBO Max ta sauke shi, ta dawo da shi bayan mako biyu da gabatarwar Farfesa Jacqueline Stewart a kan abin da fim ɗin ya ɓoye game da bauta.

Hattie McDaniel kuwa ta ci gaba da fitowa a matsayin 'yar aiki, Turawa ba su ba ta wani matsayi ba, wasu 'yan'uwanta baƙaƙe suna zarginta da zubar musu da mutunci. Ta rasu a 1952. Ta yi wasiyya a binne ta a maƙabartar Hollywood, masu maƙabartar suka ƙi saboda launin fatarta. Sai bayan shekara hamsin da ɗaya wata baƙar mace ta sake cin Oscar na wasan kwaikwayo, wato Whoopi Goldberg a 1991. Lambar da McDaniel ta karɓa a wancan dare ta bar wa Jami'ar Howard da ke Washington, inda ta yi ɓatan dabo wajen ƙarshen shekarun 1960 ko farkon na 1970. Ranar 1 ga Oktoba, 2023, hukumar Oscar ta kai wa jami'ar wata sabuwa a madadinta.