Faifan da Babu Waƙa a Jikinsa

Kalmar faifai ta sha sauya gida. Daga na kaba da iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da shi, ta koma kan baƙin faifan garmaho da aka riƙa jin Shata da Ɗan Maraya a kai. Kaset ya ture shi, CD ya ture kaset, yau kuwa sai mu leƙa Farm Centre a tura mana waƙa a waya.

Makaɗan disko na Turai da Amurka ba su yar da nasu ba. Bayan Final Scratch, a 2004 Serato ya fito da faifan da babu waƙa a jikinsa, sai wani sauti kamar fito. Allura na karanta shi, kwamfuta ta gane gudun faifan da inda ya dosa. DJ ya ja shi baya, waƙar cikin kwamfutar ta koma baya. Ya dafe, ta tsaya cak.

Mu dai lokacin garmahonmu ya riga ya mutu, shi ya sa masu kiɗan bukukuwan Gyaɗi-Gyaɗi suka tsallake wannan zango. Faya-fayan kakanninmu da zafi bai lanƙwasa ba suna ƙasan akwati, babu allurar da za a ɗora musu.