TARIHIN MAKO: Muhammadu Bello, malamin da ya tsara tsaron gabashin Sakkwato

A makon nan Wurno za mu leƙa.

Yau idan an kai hari sai mu ji gidajen rediyo sun kira "masanin harkar tsaro" ya yi sharhi. To, kusan shekara 200 da suka wuce ƙasar nan ta yi irin wannan masani, sai dai shi bai tsaya ga sharhi ba. Shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya hau mulki a 1817 ya rasu a 1837.

Bello malami ne tun kafin sarauta, a 1812 ya rubuta Infaƙul Maisuri. Amma a fagen daga ya koyi tsaro. Ya ga asarar da jama'a suka yi a Tsuntsuwa a 1804 da Alwasa a 1805, ya kuma ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. Abin da ya fahimta shi ne cin gari daban, riƙe ƙasa daban. Gobirawa sun rasa birninsu amma ba su ajiye makami ba, kuma ta kwarin gulbin Rima suke biyowa su kawo farmaki.

Maganin da ya kawo shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa za su zauna da iyalansu, su yi noma, su yi karatu, su tsare hanya. Ya jawo Fulani makiyaya su zauna wuri guda, ya ƙarfafa musu kiwon dawaki domin yaƙi, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan uwansa a kan irin waɗannan garuruwa. Shinaka da ke ƙasar Goronyo tana cikinsu. Abin da ya fi burge ni kuwa, bai tura wasu shi ya kwanta a Sakkwato ba. Wurno ya koma da kansa, can ya rasu, can hubbarensa yake har gobe.

A 1836 aka yi karon Gawakuke. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa suka haɗu, Bello ya ci su, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Sai dai kada mu yi wa tarihi kwaskwarima, ribaɗi bai kashe wutar ba. Gobirawa suka kafa Tsibiri suka ci gaba da kai hari, har lokacin da Bature Barth ya sauka Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba, ya tarar mutane na zaman ɗar-ɗar.

Rabah kuma gidan jikokinsa ce. Ɗansa Abubakar Atiku na Raba ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, shi ne kakan Sardauna Ahmadu Bello.

Da aka kai harin Tabanni a gundumar Gandi a 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, na ɗauko taswira na duba. Yankin da Bello ya zagaye da ribaɗi ne. Wanda ke da labarin ganuwar garinsu daga bakin tsofaffi, don Allah ya rubuto mana sunan garin da wanda ya kafa shi.