Sunan Dozier a ƙofar gidan yaran Marianna

A 1967 hukumomin jihar Florida ta Amurka suka sauya sunan gidan horar da kangararrun yara da ke garin Marianna, suka raɗa masa sunan Arthur G. Dozier, tsohon shugabansa da ya daɗe yana aiki a wannan fanni. Ba shi ne sauyi na farko ba. An buɗe gidan a 1900, an canza masa suna a 1914, an kuma sake canzawa a 1957. Sai dai sauyin 1967 ya fita daban, domin ya ɗaura sunan mutum guda a kan wata hukuma.  Yaran da ke kwana a ciki ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Ba kuma za a ce labarin gidan ɓoyayye ne a lokacin ba. Tun 1903 masu bincike suka tarar da yara ɗaure da mari. A 1914 gobara ta tashi a ɗakin kwana, ta ci rayukan yara da ma'aikata. A shekarun 1950 da 1960, wato dab da wannan karramawa, akwai wani ɗan gini da ake kira White House, inda tsofaffin mazauna gidan suka shaida cewa ana kwantar da yaro rub da ciki a kan gado, a umarce shi ya riƙe ƙarfen gadon, a yi ta zabga masa bulalar fata har jini ya jiƙa wandonsa. Bayan an rufe gidan a 2011, masu binciken Jami'ar South Florida ƙarƙashin Erin Kimmerle suka haƙa maƙabartarsa. Alamun kabari 31 ne a tsaye a wurin, amma kaburbura 55 suka gano.

Wani zai ce aikin gidan yari ba aikin da ake yi wa godiya ba ne, kuma wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki ya cancanci a tuna da shi. Akwai gaskiya a nan, har ma akwai misali. Fred C. Nelles, wanda ya shugabanci makarantar horar da kangararrun yara ta Whittier da ke jihar California daga 1912 zuwa rasuwarsa a 1927, an san shi da sassauta horo da mayar da hankali ga koyarwa. To amma yaushe aka sa wa makarantar sunansa? Sai a 1941, bayan yara biyu 'yan asalin Meksiko sun mutu a ɗakunan horonta a 1939 da 1940, jama'a suka yi ca a kan hukuma. Ke nan ko inda mai sunan mutumin kirki ne, an aro mutuncinsa ne domin a lulluɓe abin kunyar da aka tafka a bayansa. Ita ma makarantar an rufe ta a 2004.

Mai cewa suna ba ya duka ba ya yanka, ya duba abin da sunan ke faɗa wa alƙali da iyaye: cewa wannan gida ne da aka gamsu da tafiyarsa har aka karrama mai tafiyar da shi. Irin wannan shaida tana sa kukan yaro ya yi wuyar karɓuwa. Sai a 2017 majalisar dokokin Florida ta nemi afuwar waɗanda aka azabtar, shekara 50 bayan raɗin sunan, sannan a 2024 jihar ta ware dala miliyan 20 domin biyan diyya ga waɗanda suka rage da rai, tare da na wani gidan irinsa da ke Okeechobee.