Bayan An Kwance Mari: Matsayin Wanda Ya Warke Daga Taɓin Hankali

Bahaushe kan ce hauka ba ya warkewa, sai dai rangwame. A ganina wannan magana ta fi mari da turu illa, domin mari ana kwance shi, ita kuwa takan bi mutum har kabari.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sasari a ƙafa. Ƙasa ta ɗauki ɗumi, aka rufe irin gidajen a wasu jihohi. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ita kuma jikar dokar Turawa ce ta 1916 da ba ta san komai ba sai tsare mahaukaci. Ci gaba ne. Sai dai ƙarfin doka a ƙofar asibiti yake tsayawa, wariya kuwa a zaure take zaune.

A duba binciken aure. Saurayi ya yi jinya a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kware shekara biyar da suka wuce, yana shan maganinsa, yana buɗe shagonsa kullum da safe. Wakilan yarinya sun zo unguwa, sai wani dattijo ya rage murya ya ce, "Yaron kirki ne, amma fa ya taɓa taɓuwa." Magana ta mutu ke nan. Gobe ƙanwarsa ma za ta ji a jikinta, don an ce a jini abin yake. Wannan tsoro ne ke sa iyali su ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki, su ce iska ce ko sammu, domin mai aljanu ana tausaya masa, mahaukaci kuwa yara ke bin sa da jifa. Kafin a kai shi ga likita, ciwon ya yi nisa.

Abin lura shi ne, fiƙihun da muke karantawa a zaure bai yarda da karin maganar ba. An ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alƙalami ne zuwa lokacin da ya farfaɗo, daga nan sallarsa da cinikinsa su dawo masa. Shari'a ta yi tanadin warkewa, al'ada ce ta ƙi.

Akwai kuma hujja daga aikin likita. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: marasa lafiya su sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan uwa mai jinya, su je asibiti da rana, su dawo su kwana cikin jama'a. Ya ɗauki zama da mutane a matsayin ɓangaren magani, kuma tsarin ya yi suna har wajen Najeriya.

Za a ce ai ciwon yakan tashi. Gaskiya ne, wani lokaci yana tashi, musamman in an bar magani. Haka hawan jini da ciwon suga suke, ba mu kuwa taɓa jin an hana mai su mata ko rumfa a kasuwa ba.

Saboda haka aikin da ya rage na liman ne da mai unguwa da waliyyin yarinya. In an zo bincike, a faɗi ciwon tsakani da Allah, a kuma faɗi shekara biyar ɗin da saurayin ya yi lafiya lau.